Rumbun da Muka Binne a Ƙasar Ƙanƙara

Da sunan Allah, Mai ciyar da tsuntsu a sama da kifi a ruwa da tsutsa a cikin dutse, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yalwata ta, Ya ba kowace al'umma abincinta, Ya kuma sanar da ita yadda za ta adana shi. Bayan haka, ku matso kusa, ku gyara zama, ku ji abin da idona ya gani a bayan ruwan gishiri, tun haƙorana suna cike, tun ƙafata tana da gudu.

Sunana Nomau ɗan Arzika, mutumin Yawuri a bakin Kwara. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ƙaninta Mijinyawa ya ɗauke ni ya riƙe. Kawu Mijinyawa falken bandar kifi ne, gajere, mai faɗin ƙirji, mai gardamar da ba ta ƙarewa. Ko ka ce masa wuta tana ƙuna, sai ya ce a ba shi ya taɓa tukuna.

Shekarar da fara ta sauka a ƙasarmu ta cinye gero yana tsaye, muka buɗe rumbuna muka tarar gara da ƙwari sun riga mu. Mun binne mutane da yawa a wannan shekara. A cikin wannan hali ne Kawu ya dawo daga fatauci a bakin teku da wani labari da ya ji a wurin wani tsohon matuƙin jirgi: wai a can inda rana take faɗuwa akwai mutanen da suke binne abinci a ƙasa kamar gawa, shekara ta juyo su tono su ci, ba ruɓa, ba ƙwaro. Duk wanda ya ji sai ya yi dariya. Dariyar ce ta harzuƙa Kawu, ya rantse sai ya je ya gani da idonsa ya kawo dabarar gida. Ni kuwa inda ya sa ƙafa nan nake sa tawa.

Ba zan tsawaita muku da labarin teku ba, don shi kaɗai zai cinye hirar. Mun shiga jirgin mutanen gaɓa, iska ta ƙwace shi daga hannun matuƙa, ta yi ta kora mu yamma har muka manta da kamannin ƙasa. Jirgin ya fashe a bakin wani kogi wanda Kwara ba ta kai ƙanwarsa ba. Mu biyu muka fita da rai, da wuƙar Kawu da tasbaharsa da jar hularsa. Daga nan muka yi ta bin kogin sama, daga wannan al'umma zuwa waccan. Ko'ina muka je Kawu sai ya tona ɗan rami ya sa abinci ya rufe, ya ɗaga gira yana tambaya, su kuwa sai su nuna mana arewa.

Haka muka yi ta tafiya har muka shiga ƙasar tafkuna, inda ruwa ya fi tudu yawa, itatuwa suna da farin ɓawo mai saɓulewa kamar takarda. A nan guzurinmu ya ƙare, hanya kuma ta ɓace mana a cikin kurmi. Yunwa ta ci mu har Kawu ya daina gardama, abin da ya fi komai tsorata ni.

Wata safiya muka tarar da ƙasa a rufe da 'ya'yan wata babbar bishiya, kowanne da 'yar hularsa a ka. Muka fasa, cikin fari tas kamar gyaɗa. Muka cika baki. Maɗaci bai kai su ɗaci ba, amma mai jin yunwa ba ya tambayar harshensa shawara. Kafin rana ta take, cikinmu ya murɗe, muka zube a gindin bishiyar muna nishi.

A nan wasu mata masu kwanduna suka same mu. Babbarsu dattijuwa ce doguwa, gashinta fari a kitse gida biyu, fuskarta ba alamar wasa. Daga baya muka san sunanta Wenaya. Ta dubi ɓawon da muka zubar, ta dube mu, ta girgiza kai. Aka kira maza suka ciccibe mu zuwa ƙauyensu, bukkoki ne masu kama da kifaffiyar ƙwarya, an rufe su da ɓawon itace.

Aka kwantar da mu kusa da wata babbar wuta. Na duba ban ga tukunya a kai ba, sai duwatsu jere a cikin garwashi sun yi ja wur. Wenaya ta ɗauki sanduna biyu ta zaro dutse ɗaya, ta nufo mu da shi yana tartsatsi.

"Nomau," in ji Kawu da 'yar muryar da ta rage masa, "ka yi shahada. Lalas za su yi mana kamar shanu, in ma ba gasa mu za su yi ba."

Na rufe ido na yi shahada. Na ji zafin dutsen ya wuce ta gefen kuncina, sai na ji cuuu! Na buɗe ido. Ashe a bayan kaina akwai wani akushi na ɓawon itace cike da ruwa da gari, a ciki ta jefa dutsen. Ta ƙara wani, ta ƙara wani, tana juyawa da muciya don kada su ƙone gindin akushin, sai ga kunu yana tafasa ba tare da wuta ta taɓa mazubinsa ba. Wani irin numfashi na saki wanda har yaran da suka kewaye mu suka fashe da dariya.

Aka ba mu muka sha. Kunu ne mai gardi, ya kwantar mana da ciki. Da muka farfaɗo, Wenaya ta ja mu bakin rafi ta nuna mana abin da muka sha: 'ya'yan bishiyar nan ne da suka kusa kashe mu. Suna fasa su su daka, su jiƙa garin a ruwan toka, sannan su zuba a kwando su ajiye inda ruwan rafi zai yi ta bi ta ciki har ya tafi da ɗacin. Kawu ya lasa, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Wenaya ba ta ji Hausa ba, amma ta ji muryar, ta harare shi ta mayar masa da magana da harshensu. Tun daga ranar ba su taɓa haɗuwa ba su yi musu ba, tun kowa yana yi da harshensa har suka fara gane na juna.

Muka zauna a wurinsu, muna tsintar harshensu kamar yadda kaza take tsintar tsaba. Ni aka haɗa ni da ɗan Wenaya, wani maharbi mai suna Makwasi, sa'ana ne, mutum mai ƙarancin magana. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu mai zama a ƙauyen nan. Mata suna yanka kabewa zobe-zobe suna jerawa a sanda ta bushe. Yara suna shanya ƙananan 'ya'yan itace a tabarma suna korar tsuntsaye. Tsofaffi suna tsaga kifi suna ratayawa a kan hayaƙi, aikin da Kawu ya sa hannu a ciki yana gyara musu, suna gyara masa. Na tambayi Makwasi ko yaƙi ake jira. Ya ce, "Farin lokaci ake jira. Ruwa zai zama dutse, sama za ta zubo da farar dusa ta rufe komai. Wanda bai tara ba, ba zai ga ganye ya sake fitowa ba." Na faɗa wa Kawu, ya ce ƙarya ce, ruwa ba ya zama dutse.

Da ganye ya fara ja, aka fita girbin shinkafa. Ba wanda ya shuka ta, a cikin tafki take fitowa da kanta, doguwa har ta fi mutum, ƙwayarta baƙa siririya. Mutum biyu suke shiga jirgin ɓawo, ɗaya yana tura jirgin da gora, ɗaya yana zaune da sanduna biyu: ya lanƙwaso zangarniya da ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗaya, ƙwaya ta zubo cikin jirgi. Kawu ya ga rabin ƙwayar tana faɗawa ruwa, ransa ya ɓaci. Ya zaro wuƙa zai yanke zangarniyar gaba ɗaya, Wenaya ta maka masa sanda a bayan hannu.

"Baiwar Allah, asara kuke yi!" in ji shi.

"Wadda ta faɗa ruwa ita ce ta baɗi," in ji ta. "In ka kwashe duka, me tafkin zai haifa?"

Kawu ya mayar da wuƙarsa kube yana gunaguni, amma bai sake zaro ta ba. Aka shanya shinkafar, aka soya ta sama-sama a kan wuta har ta yi ƙamshi, don wadda aka soya ba ta tsirowa kuma ba ta ruɓewa. Sannan aka zuba ta a ramin da aka shimfiɗa wa fata, aka sa mini sabon takalmi mai laushi, aka ce in shiga in yi rawa a kai har ƙaiƙayi ya fita. Na yi musu rawar masunta irin ta Yawuri, matan suna tafi, har Wenaya ta kusa yin murmushi.

Bayan shinkafa sai nama. Maza da mata masu ƙarfi muka yi tafiya mai nisa yamma, har kurmi ya ƙare muka fita wani fili na ciyawa wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. A can na ga ɓauna irin tasu, mai tozo da gemu da gashi buzu-buzu, garke guda ya rufe ƙasa kamar inuwar hadari. Ba su da doki, dabararsu ita ce su ja garken zuwa bakin wani tsauni mai gangare a tsaye, ya rufta. Mai jan garken kuwa sai ya yafa fatar ɗan maraƙi, ya yi kukan maraƙin da ya ɓata, iyaye mata su biyo shi, sauran su bi bayansu. Mai yi musu wannan aiki ya tsufa. Ni kuma na yi kiwo da Fulani ina yaro, wata rana ina wasa na yi kukan maraƙi Makwasi ya ji. Shi ke nan, bakina ya jawo mini.

Makwasi ya kai ni bakin tsaunin ya nuna mini wata tsaga a ƙarƙashin leɓen dutsen, daidai kwanciyar mutum ɗaya. "Nan za ka faɗa. Kada ka waiwaya. Mai waiwaye shi ake takawa."

Kawu ya riƙe mini hannu. "Ɗan nan, ban ɗauko ka daga Yawuri don shanu su yi tuwo da kai ba."

"Kawu, mun ci abincinsu. Da wane ido zan ce a'a?"

Ya sake ni, ya tofa mini addu'a a ka.

Na yafa fatar na rarrafa kusa da garken, na yi kuka. Wata babbar saniya ta ɗago kai. Na ja da baya na sake kuka, ta biyo ni, wasu suka biyo ta. Da suka shiga tsakanin tarin duwatsun da mutane suka ɓuya a baya, sai kowa ya miƙe yana kaɗa fata yana ihu. Garken ya ɓalle. Na yar da fatar na zuba da gudu, ƙasa tana rawa a ƙarƙashina, hucinsu yana dukan ƙeyata. Na ga bakin tsaunin, ban ga tsagar ba. Dutse duk iri ɗaya ne ga mai gudun rai. Sai idona ya faɗa kan wani jan ƙyalle a ɗaure a jikin ƙaya: hular Kawu ce, ya je ya rataya ta a daidai wurin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Na yi sufa ta gefenta, na kama saiwa, na murgina cikin tsagar. Sama ta yi duhu. Suka yi ta wucewa ta kaina suna ruftawa, ƙura da tsakuwa suna zubo mini, ina ta salati har ƙarar ta lafa. Na lalluba jikina gaɓa-gaɓa, na tarar ba abin da ya ragu.

Ina cikin godiya ga Allah sai na ji ihu a ƙasa. Kawu ne. Shi dai ya ce ba zai ci mushe ba, don haka tun ƙura ba ta kwanta ba ya gangara da wuƙarsa, yana bin waɗanda suke da sauran rai yana bisimilla yana yankawa. Ya yanka da dama. Wani bijimi da ya ɗauka ya gama sai ya yi harbin ƙarshe, ya karya masa ƙafa ƙasan gwiwa. Wenaya ce ta ɗora ƙafar da sanduna da ɗanyar fata, tana yi masa faɗa, shi kuma yana cizon leɓe yana cewa ɗorin Yawuri ba haka ake yi ba.

Muka zauna a gindin tsaunin muna aikin nama. Aka yanka shi falle-falle kamar na kilishi, aka shanya a kan sanduna da hayaƙi a ƙasa har ya bushe ƙarau. Aka daka shi a kan dutse ya zama kamar dambu. Aka fasa ƙasusuwa aka dafa ɓargo, aka narka kitse, aka kwaɓa da dakakken naman da busassun 'ya'yan itace, aka ɗura a jakunkunan fata tun da zafi, aka ɗinke, aka shafe ɗinkin da kitse don kada iska ta shiga. Naman da Kawu ya yanka Wenaya ta sa aka ware shi daban, aka yi wa jakunkunansa alama, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Kayan suka fi ƙarfin ɗauka. Sai Wenaya ta ce a bar wani kashi a nan, ta tura ni da Makwasi mu haƙa rumbu. Da Kawu ya gane abin da za a yi, ya ce ko da jan ciki sai ya je. Muka ɗauke shi a kan fata muka ajiye shi a gefe, idonsa kamar zai faɗo.

A kan wani busasshen tudu, kusa da wata bishiya da tsawa ta tsaga, Makwasi ya yanke ciyawa da ƙasarta a zagaye ya ɗaga kamar murfi. Muka haƙa rami mai ƙaramin baki da faɗin ciki, siffar tulu. Ƙasar da muka fitar ba mu bar ko ƙwaya a wurin ba, a fata muka kwashe muka zubar a rafi. Muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa da bango, muka bi da farin ɓawo, muka jera jakunkunan nama da na shinkafa da busasshiyar kabewa. Muka rufe da ɓawo da fata da ciyawa, muka mayar da murfin, sannan muka hura wuta a kai don toka ta kashe ƙamshin, kada dabba ta tona.

"Ashe matuƙin nan bai yi ƙarya ba," in ji Kawu a hankali. Sannan ya ƙara da cewa, "Saura mu ga ko zai fito lafiya."

Niyyarmu mu juya kudu kafin sanyi, amma mai karyayyar ƙafa ba ya tafiya. Muka koma ƙauyen tafki, farin lokaci ya same mu a can. Wata safiya Makwasi ya ja ni muka taka kan tafkin da muka yi girbi a cikinsa da jirgi, muka yi tafiya a kai kamar a kan fako. Na fasa guntu na kai wa Kawu. Ya yi ta juya shi a hannu har ya narke.

Da farko mun zauna lafiya, ana ci ana ƙoshi. Sai ga wasu mutane sun fito daga kurmi suna tangaɗi, 'yan wani ƙauye ne da ambaliya ta lalata musu shinkafa. Sun fi mu yawa, da jarirai a bayansu. Wasu maza suka yi ƙasa da kai, don kowa ya san lissafin abin da ke rataye a bukkarsa. Wenaya ta fita ta ɗaga labulen ƙofarta ta riƙe, sauran matan suka yi yadda ta yi. Ba a yi wata shawara ba bayan wannan.

Sanyin shekarar kuwa ya ƙi tafiya. Shinkafa ta ƙare, kifi ya ƙare, maharba suna fita su dawo hannu sake. Aka koma dafa fata da ɓawon itace. Jarirai suka daina kuka. Kawu ya rame har haƙarƙarinsa ya fito, na kuma gane yana tura wa yaran baƙi rabonsa in ya ga ba na kallo.

Wenaya ta kira ni da Makwasi. "Ku biyu kuka haƙa, ku biyu kuka san wurin. Ku je."

Na durƙusa gaban Kawu in yi masa sallama, ya ce, "Tashi ka tafi. Ba zan mutu ba sai na ga abin da ramin nan ya yi." Muryarsa kamar ta sauro.

Muka ɗaura wasu takalma masu faɗi, saƙaƙƙu kamar matankaɗi, masu hana mutum nutsewa a dusar ƙanƙara, kowa yana jan dogon katako mai lanƙwasasshen kai na ɗaukar kaya. A cikin kurmi tafiya ta yi sauƙi. Da muka fita fili, rana ta bugi farar dusar, hasken ya dawo cikin ido kamar allura. Makwasi ne a gaba yana duba hanya, shi hasken ya fi ci. Wata safiya ya tashi idanunsa sun kumbura suna zubar da ruwa, ba ya ganin ko hannunsa.

"Ɗan'uwana," in ji shi, "yau kai ne idona. Shafa gawayi a ƙasan idonka, ka riƙa kallon ƙafarka. Ka bar iska tana dukan kuncinka na dama."

Na ɗaura masa igiya a ƙugu na ja shi, ni baƙon da bai san gabas da yamma a ƙasar ba. Ina gaya masa abin da nake gani, shi yana gaya mini inda zan bi. Da haka Allah Ya kai mu har na hango tsaunin, na kuma hango bishiyar da tsawa ta tsaga. Amma murnata ba ta daɗe ba. Dusa ta binne bishiyar har wuya, tudu da kwari sun zama ɗaya, ko'ina fari fat. Rami mai baki kamar faifai, a ina zan same shi a wannan fili? Na haƙa nan, na haƙa can, hannuna ya mutu, ban tarar da komai ba sai ciyawa. Ga kuma kyarketai sun fito daga bayan tsaunin, ramammu kamar mu, sun zauna daga nesa suna kallo.

Na zube a ƙasa na ce, "Makwasi, mun zo a banza."

Ya ce, "Me muka yi a kan ramin da muka gama?"

"Wuta muka hura."

"To, me wuta take bari?"

Na miƙe. Na karɓi mashinsa na fara soka shi cikin dusa har ƙasa, in murza in zaro in duba tsinin. Fari. Na matsa na soka. Fari. Na yi ta zagaya bishiyar ina faɗaɗa da'ira, kyarketan suna matsowa kaɗan-kaɗan, Makwasi yana buga sanda a kan katako yana waƙa da ƙarfi don su ɗauka muna da sauran kuzari. Har na fara sokawa ba tare da na duba ba, sai na zaro na ga tsinin ya yi baƙi. Na shafa a tafin hannu. Gawayi ne.

Muka share dusar da takalmanmu. Ƙasar ta daskare, wuƙa ba ta shigarta. Na karyo busassun rassa daga bishiyar muka hura wuta a kan tsohuwar tokar, wutar ta sassauta ƙasa, ta kuma sa kyarketan suka ja da baya. Da na ɗaga murfin, wani warin ruɓa ya bugi hancina. Ciyawar sama ta yi baƙi ta yi funfuna.

"Me ka gani?" in ji Makwasi.

Na cusa hannu na yaye ruɓaɓɓiyar ciyawar, na ɗaga fatar, na taɓa ɓawon da ke ƙasa. A bushe yake. Na ɗaga shi. Ga jakunkuna a jere yadda muka bar su, ko ɓera bai taɓa ba. Na farke ɗaya mai alamar Kawu, ƙamshin nama da kitse ya taso kamar jiya aka ɗura. Na gutsura na sa wa Makwasi a baki. Ya tauna a hankali, sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba dariya yake ko kuka, don idanun dama ruwa suke zubarwa. Ni dai na fuskanci inda nake zaton alƙibla ce na sa goshina a kan dusa.

Dunƙule ɗaya na abincin nan yana riƙe mutum yini guda. Da ƙarfinsa muka jawo kaya, muka jefa wa kyarketan tsohuwar fatar murfi suka tsaya suna faɗa a kanta. Idon Makwasi ya fara buɗewa da muka shiga inuwar kurmi.

Da hantsi muka iso ƙauye. Ba hayaƙi a bukkar Wenaya. Ba hayaƙi a ta kusa da ita, ba motsin kowa. Na saki igiyar kaya na ruga na ɗaga labule. Murhu ya yi sanyi, shimfiɗar Kawu ba kowa, har tasbaharsa babu. Na dafa ƙofa.

Sai na ji wata 'yar murya daga babbar bukkar da ke ƙarshen ƙauye, tana cewa da Hausa, "Na ce miki fatar nan ba ta dahu ba! A ƙara mata wuta!" Wata muryar ta mace ta mayar masa da harshensu.

Ashe itacen wuta ne ya yi ƙaranci, Wenaya ta tara kowa a bukka ɗaya. Na shiga na same su a cunkushe, sun rame kamar kara, amma duk wanda na bari da rai na same shi da rai. Kawu ya dube ni, ya dubi jakar da ke kafaɗata.

"Ya fito?"

"Ya fito, Kawu. Lafiya lau."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Wenaya ba ta bari kowa ya taɓa naman ba. Ta jefa duwatsu a wuta, ta dama kunu tsararo da 'yar shinkafa da ɗan kitse, ta bi kowa da ludayi ɗaya-ɗaya, jarirai da masu shayarwa a gaba, don cikin da ya daɗe a rufe in aka cika shi farat ɗaya yana kisa. Da yamma wani jariri ya tsala kuka, duk bukkar aka yi ta dariya kamar an yi bushara.

Abin da muka kawo ya kai mu har dusa ta fara narkewa. A lokacin ne suka tsaga jikin wasu itatuwa, ruwa mai zaƙi ya riƙa ɗiga cikin akussan ɓawo, aka yi ta dafa shi har ya zama kamar mazarƙwaila. Yara suka murmure, Kawu ya miƙe da sanda, ƙafar ta ɗore amma ta ɗan karkace.

Da tafki ya koma ruwa, Makwasi ya yi mini jirgin ɓawo, ya ce zai raka ni har babban kogi. Na ce wa Kawu ya shirya. Ya yi ta kallon ƙasa yana tona ta da sandarsa.

"Nomau, kai ka haƙa ramin, kai ka tone shi, a hannunka dabarar take. Kai za ka kai wa mutanen gida. Ni ƙafar nan ba za ta kai ni teku ba."

"Zan goya ka, Kawu."

"Ba goyo ba ne." Ya yi gyaran murya. "Matar nan ba ta da mai gaya mata gaskiya. In na tafi, haka za ta yi ta ɓata kifi da hayaƙin ɗanyen itace."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Ban tafi ba sai da aka ɗaura masa aure da Wenaya, Kawu ya ja Fatiha da kansa, ni kaɗai na amsa da amin.

Ranar tafiya suka rako ni bakin ruwa. Wenaya ta sa mini jakunkunan guzuri a jirgi, ta dafa kaina ta kira ni ɗanta. Kawu ya rungume ni, ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya juya da sauri ya ce jakar can ba a ɗaure ta daidai ba. Wenaya ta ce daidai take. Makwasi ya tura jirgi muka shiga ruwa. Har muka sha kwanar tafkin, itatuwa suka rufe su, ina jin muryoyinsu a bayana, shi da Hausa, ita da harshensu, kowa ya ƙi saki.

Iyakar abin da na gani ke nan a ƙasar ƙanƙara. Wanda ya ji ya gaskata, Allah Ya ba shi lada. Wanda ya ce sai ya gani, hanya tana nan, ya yi guzuri mai yawa. Allah Ya raba mu da yunwa, Ya sa mu cika da imani.